Littafi Kafin Hula

Ƙarfe tara da minti ashirin na safe, ranar Talata, motar furoje, wato shirin tallafa wa masunta, ta tsaya a bakin rumfar ƙungiyarmu ta masunta a Madarumfa. Mu uku ta tarar a zaune: ni magatakardan ƙungiya, da shugaba, da kawuna, wan mahaifiyata, wanda a lokacin babu masuncin da ya girme shi a bakin tabki. Direba ya zama na huɗu. Ya sauke kwalaye uku ya jera su a kan tabarma. Ya ce madam mai kula da furojen ba za ta samu zuwa ba, tana taro a Maraɗi, mu raba kayan da kanmu, shi kuma zai jira ya koma da abin da ya ragu.

Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kwali na farko huluna ne, irin masu baki a gaba da ake kira hana-sallah. Na biyu riguna masu gajeren hannu. Na uku shi ne na kwashe watanni ina jira, wato littafin. Da hula da riga da littafi, tambari ɗaya ne a jikinsu: koren tafin hannu, da kifi kwance a kansa, da wasu haruffan Faransanci a ƙasa waɗanda ba wanda ya iya faɗa daidai. Mu dai masu hannu da kifi muke kiran mutanen.

Ya kamata in faɗi yadda aka yi littafin. Ni ba masunci ba ne, ubana manomi ne. Na yi lakkol, makarantar Faransanci, shekara shida, daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi rubuta Hausa yadda ya dace, shi ya sa ƙungiya ta ba ni alƙalaminta. Rani biyu na yi ina zama da kawu bayan la'asar, yana gyaran koma, yana faɗa, ina rubutawa. Kaye uku, wato littattafan rubutu irin na ƴan makaranta, na cika. Abin da ke ciki shi ne shekarar tabki daga farkonta zuwa ƙarshenta: yadda gulbi ke kawo jan ruwa da damina, kifin da ke fara shiga ciyawa ya zuba ƙwai, wanda ke bin bayansa, da faɗin idon koma da ake aunawa da yatsu. A tsakiya akwai wurare bakwai da ba a jefa koma tun daga shigowar ruwa har ya kwanta ya yi haske, kuma ba rana ɗaya ake buɗe su ba, kowanne da lokacinsa, wannan bayan wancan. Kawu yakan sa in karanta masa abin da na rubuta. In na sa wani wuri gaban wani, sai ya ajiye allura ya ce in soke in sake.

Madam ta furoje ta ga kayen nan wata rana a hannuna, ta buɗe, ta ce abin kirki ne, za ta kai a buga. Na miƙa mata duka ukun. Ban kwafi ko shafi ɗaya ba.

To ga shi an buga. Na ɗauki na sama na ba kawu. Bai iya boko ba, sai ya riƙe shi kai a ƙasa, ya shafa bangon, ya shinshina.

"Wannan hannun na wa ne?"

"Na masu furoje ne, Kawu."

"Kifin fa?"

"Nasu ne."

"A wane ruwa suka kama shi? Ban san irinsa ba. Ba tarwaɗa ba, ba karfasa ba." Shugaba ya yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce, "Ina namu?"

Na san abin da yake nufi. Gidansu suna da alama da ake yankawa a jikin gora da matuƙin jirgi, tsaga uku a tsaye da ɗaya a gicciye. Shi ya sa ni na zana ta a shafin farko na kaye na farko. Na karɓi littafin na duba bangon gaba, na duba shafi na ɗaya, na bi har na ƙarshe. A bangon baya akwai ƙaramin layi da ke cewa wata maɗaba'a ta Maraɗi ta buga, har da ƴar alamarta a gefe. A ƙarƙashi an rubuta da Faransanci cewa na furoje ne, ba a sayarwa. Babu tsaga uku, babu sunan kawu, babu na ƙungiya.

"Ba su sa ba, Kawu."

"Mai buga takarda ma ya sa tasa?"

"Ya sa."

Ya ce, "To."

Kafin ƙarfe goma mutane sun cika wurin, kuma na lura da inda idanunsu suke. Ba wanda ya kalli kwali na uku. Na tabbata in aka bar su, za su wawashe huluna su tafi, littafin ya kwana a rumfa. Don haka na tsara abin da nake gani shi ne daidai. Da farko in kira suna daga takardar ƴan ƙungiya. Mutum ya dangwala yatsa. In rubuta lambarsa da bik a bangon littafi in ba shi. Daga nan ya je layi na biyu a gindin itacen bedi, ya nuna littafi, shugaba ya ba shi hula. Sannan layi na uku, ya sake nuna littafi, direba ya ba shi riga. Wanda ba shi da littafi a hannu, ba shi da komai.

Na kira lamba ɗaya, wato kawu. Na miƙa masa, ya ƙi buɗe hannu.

"Mayar wa masu shi. Ba ni hular dai, rana na damuna a ka."

"Kawu, sai da littafi."

"Ni?"

"Kowa da kowa. Yanzu na faɗa."

Shugaba ya riga ya zaro hula ɗaya, na girgiza masa kai, ya mayar. Kawu ya dafa sanda ya miƙe, ya kaɗe bayan rigarsa, ya nufi bakin ruwa. Lamba biyu ɗansa ne, taubashina. Ya karɓi nasa littafin ya wuce, alhali shi mutum ne da bai taɓa wuce ni bai tsokane ni ba.

Abu biyu suka ƙara faruwa a ranar, kuma dole in faɗe su. Wani mutum ya ɗora littafinsa a kan kwandon soyayyen kifi yana jiran layi, mai ya ɓata bangon. Na kore shi zuwa ƙarshen layi, na ɗaga murya na ce duk wanda ya ɓata littafinsa ba shi da hula. Na biyu kuwa direba ne. Yana miƙa riguna yana raha, sai ya ce, "Ku adana shi da kyau fa, da shi za a gane ku ranar da za mu kawo koma da jirage!" Aka yi shewa. Na ji da kunnena, na san wasa yake yi, ban gyara ba, don hankalina yana kan layi kada ya karkace.

Sunana ba ya cikin takardar, tunda ni ba masunci ba ne, don haka ban ɗauki littafi ko ɗaya ba. Ban ga dalilin da zan tsallake dokar da na hana kawuna tsallakewa ba. Da azahar na haɗa ragowar littattafan, har da mai lamba ɗaya, na ɗaure kwalin na sa a bayan mota.

Hulunan sun yi yawo. Na gan su a gona, na gan su a tasha, na ga ɗaya a kan wani mai canjin kuɗi a Ɗan Issa wanda bai taɓa taka bakin tabki ba. Rigunan suka koɗe, suka koma na ƴaƴa, suka koma tsumman goge fitila. Littafin kuwa ban sake ganinsa a hannun kowa ba. Na ɗauka ana karantawa a cikin gida, ban bincika ba. Kawu ban daina zuwa gaishe shi ba, shi ma bai daina amsawa ba, amma bai sake cewa in kawo bik ba, kuma maganar hula ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba. Damina biyu bayan haka ya rasu. Furoje ma ya ƙare, motarsu ta daina zuwa.

Bana ne abin ya taso. Kamu ya ragu, kifin da ake fitarwa ƙanana ne, masu sayen da ke zuwa daga Maraɗi suna juya shi da yatsa suna taɓe baki. A taron ƙungiya aka ce a koma ga tsarin dā, a hana wuraren nan bakwai in ruwa ya shigo. Kowa ya yarda. Da aka zo faɗin wuraren sai rigima ta kaure. Tsofaffi biyu suka rage da ke cewa sun sani, kuma kowannensu wurin da yake hanawa shi ne inda ɗayan ke ajiye jirginsa. Samari suka ce in dai haka ne kowa ya jefa inda ya ga dama. Shugaba ya juyo gare ni.

"Magatakarda, kai ka rubuta. Faɗa mana."

Na miƙe na fara. Bakin gulbi inda ruwa ke shigowa. Gindin gawo biyu. Ciyawar da ke bayan lambuna. Na kawo biyar, na tsaya. Na shida da na bakwai suka ƙi zuwa, kuma ko biyar ɗin ban tabbata wanne ake fara buɗewa tsakanin na uku da na huɗu ba. Wani ya ce in dai faɗi abin da ya zo bakina, ai ba wanda zai musa. Na ce ba zan yi ba. Maganar mamaci ce, ba zan cika ta da tawa ba. Aka tsayar cewa in kawo littafin a karanta a gaban kowa kafin gulbi ya kawo ruwa. In ruwa ya riga ni, babu hani bana.

Tun daga ranar ban zauna wuri ɗaya ba. Matata ta ce ko tuwo a tsaye nake ci. Da na idar da sallar asuba sai in fita in dubi gabas, in ga ko hadari ya taru.

Takardar sunaye tana wurina, wannan kam na adana. Na tsallake lamba biyu don kunya, na fara daga uku, na bi gida-gida. Lamba uku ya ce wane littafi, bai taɓa gani ba, ga yatsansa kuwa a takarda. Lamba huɗu ya ce ɓera ya ci. Lamba biyar ya ce yana wurin ƙanensa da ya tafi ci-rani. Wajen mutum na goma na fara gane cewa ba mantuwa ba ce, don kowa sai ya tambaye ni abu ɗaya kafin in tafi: "Sun dawo ne?" Wani ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya ce in gaya masa tsakani da Allah, wa zan ba lambarsa?

Sai na hau mota zuwa Maraɗi. Gidan da biron furoje, wato ofishinsu, yake dā ya zama wurin sayar da kayan gini, mai gadi bai taɓa jin labarinsu ba. Na tuna layin nan na bangon baya, na yi ta tambaya har na sami maɗaba'ar. Mai wurin mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera na ƙi zama. Da na kwatanta masa tambarin sai ya ce ya gane, ya taɓa na'urarsa, ga koren hannu da kifi sun cika gilashi.

"Ga shi nan. Wannan ba ya ɓata, sau nawa muka buga musu shi."

"Rubutun cikin littafin nake nema."

"A'a, Malam, wannan ai sau ɗaya aka buga. Ya tafi da tsohuwar na'ura."

"Kaye uku fa, na hannu?"

Ya kira wani ma'aikacinsa ya tambaya, shi ma ya girgiza kai. Ya raka ni har ƙofa yana ba ni haƙuri, ya ce in ƙungiya na son huluna, kwana biyu sun isa.

A hanyar dawowa aka yi yayyafi. Bai jiƙa ƙasa ba, amma na sauka daga mota ban biya gida ba, na wuce kai tsaye gidan lamba biyu.

Na tarar da taubashina a zaure yana ɗaura ƙugiyoyi a igiyar mamari. Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, don haka tun muna yara bawansa yake kirana.

"A'a! Bawan gidanmu, yau an tuna da iyayen gida? Na ji kana yawo da takarda kamar mai karɓar haraji. Ka je uku, ka je huɗu. Biyu ta faɗi a rijiya ne?"

"Na zo yanzu."

"Ka zo a makare. In jera ka a ƙarshen layi?"

"Jera ni. Littafin nake so in gani."

"Wane littafi?"

Daga cikin gida matarsa ta ɗaga murya ta ce, "Wanda ke ƙasan akwati, da ka hana a taɓa!" Ya ce mata wa ya sa da ita. Ya ci gaba da ɗaurin ƙugiya, ni kuma ina tsaye.

"Zauna mana, kana tsaye a kaina kamar sandan lantarki."

"Sai na gani."

"Ka san dalilin da ba mai ba ka?" Ya ajiye igiyar. "Kai ka ce wanda ya ɓata nasa ba shi da rabo. Kai ka sa lamba. A gabanka mutumin nan ya ce da shi za a karɓi jirgi, ba ka ce ƙarya ne ba. Yanzu ka zo ka ce a ba ka? Kowa cewa yake sun dawo, kana tattarawa ne ka ba naka mutane."

"Wasa direban yake yi. Ba jirgin da ke zuwa."

"Yau ka sani?"

"Tun ranar na sani."

Sannan ya ce, a hankali, ba da muryar wasa ba, "Tsoho ya roƙe ka hula a gaban mutane."

"Ya roƙa."

"Ka hana."

"Na hana. Ban yi daidai ba."

Ban taɓa faɗin haka ga kowa ba sai ranar. Ya tashi ya shiga ciki. Na ji ana jan akwati, ana sauke kwanoni. Ya fito da wani ƙunshi na leda baƙa, an naɗe shi da tsumman atamfa an ɗaure da zaren koma. Ya ce shi zai kwance da hannunsa, kada in taɓa. Leda uku ya cire. Tun kafin ta ukun wari ya bugo mu, irin na ɗakin da ruwa ya kwana.

Bangon yana nan yana ƙyalli, da hannun, da kifin, da lamba biyu da na rubuta da bik. Cikin kuwa ya haɗe ya zama abu ɗaya, kamar waina da ta kwana. Damina bayan damina laima na shiga ledar ba ta fita. Ya sa farce zai raba, takardar ta biyo yatsansa baƙi ƙirin.

"Alhamdu lillahi," in ji shi, "tambarin dai bai taɓu ba."

Ban san lokacin da na zauna ba. Da ya ga fuskata sai ya bar wasan, ya ɗauko wuƙar gyaran kifi, ya wanke, ya goge. Muka fito da littafin rana. Shi yana zura bakin wuƙa a hankali, ni ina riƙe da gefe. Yawancin shafukan sun mutu. Kusa da tsakiya muka sami rabin shafi da ke karantuwa, na karanta da ƙarfi: wuri na shida shi ne ramin da ke yamma da tsohuwar mashayar shanu, ba a buɗe shi sai karfasa ta fita da ƴaƴanta daga ciyawa. Har da wata kalma da kawu yake yawan faɗi, na rubuta ta yadda ya faɗe ta. Taubashina ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya juya baya ya shiga tattara ƙugiyoyinsa.

Layin da ke ƙasa, inda na bakwai yake, ya tafi da laima.

Washegari ya raka ni gida huɗu, yana gaya musu da bakinsa cewa ba jirgi, su buɗe. Biyu suka yarda. Na ɗaya gara ta cinye, na biyu ya haɗe kamar nasa. Sauran suka ce shi ma na saye shi. Shekaranjiya an yi ruwa mai ƙarfi a kudu, waɗanda suka zo daga wajen iyaka sun ce gulbi ya fara motsi. Ina da wuri shida a rubuce cikin sabon kaye, da tsaga uku da ɗaya a gicciye a shafin farko. Saura ɗaya, da jerin yadda ake buɗe su.

Ba duka littattafan suka tsaya a Madarumfa ba. Wasu masu su sun ƙaura, wasu sun rasu an raba kayansu, ragowar kuma sun koma Maraɗi a bayan mota, ban san hannun da suka faɗa ba. Don haka kai mai karanta wannan, ko wanda ake karanta wa, ina roƙonka abu uku, bi da bi. Ka duba akwatinka, da na mahaifinka, ko akwai ƙaramin littafi mai koren hannu da kifi a bango. In akwai, ka cire shi daga leda yau, ka shanya shi a inuwa, ba wani rabo da zai wuce ka don ka buɗe shi. Sannan ka kawo shi rumfar masunta a bakin tabki, ka tambayi magatakarda. Ba zan karɓe maka ba. Ka riƙe abinka da hannunka, ka buɗe mini tsakiya, in kwafa a tsaye, ka koma da shi.